Fred Rogers: tarbiyya ya yi wa yaran Amurka ko shagwaɓa su ya yi?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata magana ce ta kwana biyu tana yi min yawo a rai, na ce bari in kawo ta zaure, tunda akwai malaman makaranta da iyaye da kakanni a cikinmu.

Sadiq ɗina shekararsa huɗu. Rannan ƙanwarsa ta rushe masa ginin da ya yi da 'yan tubalan wasa, na ga ya dunƙule hannu zai kai mata duka. Kafin in taso sai ya tsaya cak, ya ja dogon numfashi yana ƙirga yatsunsa, ɗaya, biyu, uku, huɗu. Sannan ya juyo ya ce min, "Mama, na ji haushi." Wallahi sai da jikina ya yi sanyi, don ni dai ban koya masa ba. Na ce wa ya koya maka? Ya ce Daniel. Daniel ɗin nan wani ɗan damisa ne mai jar riga a katun da yake kallo a tashar PBS a nan Amurka. Da na bi diddigi sai na tarar katun ɗin, wanda aka fara a 2012, ya samo asali ne daga wani tsohon shiri mai suna Mister Rogers' Neighborhood, kuma mai shirin, Fred Rogers, ya mutu tun 2003.

Na nemo tsofaffin shirye-shiryensa na zauna na kalla. Mutum ne siriri, zai turo ƙofa yana waƙa, ya tuɓe kwat ya rataye a kabad, ya ɗauko rigar sanyi mai zif ya saka, ya zauna a benci ya cire takalmin fita ya sa kambas, ya ɗaura igiyar a hankali yana kallon yaro ta cikin kyamara. Kullum haka, daga 1968 har 2001, shiri 895. Babu ihu, babu guje-guje. A ƙarshen kusan kowane shiri kuma sai ya gaya wa yaro cewa babu wani kamarsa a duk duniya, kuma ana iya sonsa a yadda yake.

Tambayata biyu ce. Da gaske akwai mutum mai irin wannan hali, ko dai na kyamara ne? Sannan wannan salon, tarbiyya ce ko shagwaɓa?

Ɗan Damagaram:
Wa alaikumus salam Anti. Ni ban taɓa jin sunansa ba, mu a nan abin da muka tashi muna gani a tele daban ne. Ki ɗan ba mu tarihinsa tukuna don mu san a kan wa ake magana.

Maman Sadiq:
To ƙanena. An haife shi ranar 20 ga Maris 1928 a Latrobe, wani ƙaramin gari a jihar Pennsylvania. Gidan masu hali ne, mahaifinsa shi ke shugabantar wani kamfanin bulo na dangin matarsa. Amma kuɗi ba su hana shi shan wuya ba. Yana da asma, yakan daɗe a kulle a ɗaki, ga shi da ƙiba, yara suna bin sa a hanya suna yi masa ba'a da ƙibar. A kaɗaicin nan ya saba da abu biyu, fiyano da 'yan tsana irin waɗanda ake zura hannu a ciki ana yi musu murya. Shi da kansa ya sha faɗa cewa manya sun ce masa ya nuna kamar tsokanar ba ta dame shi ba, alhali tana damunsa, kuma abin da ya nema a lokacin shi ne wani ya yarda cewa yana da dalilin baƙin ciki. Kakansa na wajen uwa, wanda ya ci sunansa, shi ne ya riƙa ce masa zuwansa kawai ya isa ya faranta masa rana. Maganar kakan ce ya riƙe ya yi ta faɗa wa yaran wasu har tsufansa.

Kiɗa ya karanta a kwalejin Rollins da ke Florida, ya gama a 1951. Niyyarsa ya wuce karatun addini, sai ya zo hutu gida ya ga talabijin, ya ga ana watsa wa mutane abinci a fuska don a ba da dariya. Abin ya ɓata masa rai ƙwarai, kuma ɓacin ran ne ya sa ya shiga harkar. Ya fara a NBC a New York, ya dawo Pittsburgh wajen sabuwar tashar WQED, inda yake bayan labule yana motsa 'yan tsana. Can ya fara sa kambas, don kada a ji ƙarar takalminsa idan yana gudu tsakanin 'yan tsana da abin kiɗa. A Kanada, a 1963, aka fara lallashinsa ya fito da fuskarsa.

Malam Garba:
Sannu da ƙoƙari Maman Sadiq. Ni shekara talatin da ɗaya na yi ina riƙe da alli a firamare kafin in yi ritaya, don haka ki yi haƙuri, zan faɗi abin da na gani. Labarin mutumin ya burge ni, amma wannan magana ta "ana sonka a yadda kake" ita ce ban gamsu da ita ba. Yaro a yadda yake, ɗanyen icce ne. Yana ƙarya, yana ƙwace na ƙaninsa, yana ƙin aiki. Idan kullum ana gaya masa babu kamarsa, yaushe zai ji yana da abin gyarawa? Magabata ba su yi wauta ba da suka ce ka so naka duniya ta ƙi shi, ka ƙi naka duniya ta so shi. Na koyar da yaran da aka riƙa yi wa irin wannan zuga a gida. Ranar da suka fara faɗuwa jarrabawa, sai ka ga kamar duniya ta tashi, kuma laifin kullum na malam ne.

Baban Ummi:
Malam, ba kai kaɗai ba ne. A Amurkan ma an yi masa wannan suka, musamman wajen 2007, bayan mutuwarsa, inda wasu marubuta da masu sharhi a talabijin suka ce shi ya tayar da matasa masu ganin komai haƙƙinsu ne ko ba su yi aiki ba. Sai dai ni da na yi aikin shirya shirye-shirye a rediyo, na zauna na kalli abinsa da idon sana'a, ina ganin masu sukar ƙarshen shirin kawai suka ji. A 1982 mako guda ya ware a kan ladabtarwa. Yakan kawo ƙwararrun makaɗa irin su Yo-Yo Ma, ya tambaye su a gaban yara yadda suka yi ta maimaita abu ɗaya tun suna ƙanana kafin hannu ya faɗa. Yakan kai yara masana'anta su ga yadda ma'aikata ke yin fensirin kala tun daga narkakken kaki. Wanda yake son yaro ya raina aiki ba zai yi haka ba.

Malam Garba:
Na ji. To amma yaro ɗan shekara huɗu yana iya bambance "ana sonka" da "duk abin da ka yi daidai ne"?

Maman Sadiq:
Malam, ai amsar tana cikin abin da Sadiq ya yi. Bai doki ƙanwarsa ba. Abin da ya ɗauka shi ne jin haushi ba laifi ba ne, duka kuwa laifi ne. Ni a yadda na tashi, haushin ma ba a yarda ka nuna ba, ka kumbura fuska a ƙara maka. Sai ka haɗiye, ka je ka huce a kan wanda ka fi ƙarfi.

Anti Binta:
Ku ba ni wuri in shigo, don ni ta wata ƙofa na san mutumin nan. Ni nas ce a ɗakin yara, shekara goma sha tara ke nan. Wata likita da ta yi karatu a waje ce ta fara ba mu labarinsa.

An ce suna ɗaukar wani shiri a asibiti, nas za ta auna jinin yaro, sai ta ce za ta hura abin da ake naɗawa a hannu. To kalmar da ta yi amfani da ita a Turanci, ita ce kuma ake faɗa idan za a tarwatsa abu da bam. Babu wanda ya lura sai shi. Ya sa aka sake ɗaukar muryar da wasu kalmomi, don kada wani yaro a gida ya zaci hannunsa zai fashe idan aka kai shi asibiti. Har waƙa ya rubuta don ya tabbatar wa yara cewa ramin da ruwa ke bi a bahon wanka ba zai zuƙe su ba. Babba zai ce wannan wane irin shirme ne. Amma duk wanda ya taɓa riƙe yaro mai tsoro ya san yaro yana ɗaukar magana ne a yadda aka faɗe ta.

Mu fa me muke yi? Kullum sai na ji uwa ta ce wa ɗanta, "Idan ba ka yi shiru ba zan sa nas ta yi maka allura." Sannan ranar da ya kwanta da zazzaɓi, ni ce dodon. Ko kuma a ce masa "ba zafi, ba zafi," a tsira masa, ya ji zafin, daga ranar ya daina yarda da bakin uwarsa a asibiti. Ni yanzu nakan durƙusa daidai tsayin yaro in ce, "Zai yi zafi kamar cizon tururuwa, za mu ƙirga zuwa biyar ya wuce. Kana so ka riƙe hannun Mama ko ka riƙe nawa?" Suna kuka, ba na ce ba sa yi. Amma ba sai mutum uku sun danne su ba, kuma gobe idan na shigo ba sa ɓuya a bayan zanin uwa. Malam Garba, wannan ba shagwaɓa ba ce, allurar dai sai an yi ta.

Malam Garba:
Hajiya Binta, a nan kam ba ni da ja. Yi wa yaro ƙarya ba ya cikin tarbiyyar da nake karewa.

Ɗan Damagaram:
Na je na bincika sunansa yanzu, sai na ga wani ya rubuta wai tsohon sojan Amurka ne gwanin harbi, ya kashe mutane da yawa a yaƙi, kuma wai don ya ɓoye zanen da ke hannunsa yake sa riga mai dogon hannu. Gaskiya ne?

Baban Ummi:
Ƙarya ce tsagwaronta, ta daɗe tana yawo a intanet. Bai taɓa aikin soja ba. Daga kwaleji ya wuce talabijin, kuma duk shekarun yaƙin Biyetnam yana gaban kyamara ko bayanta. Rigunan sanyin nan mahaifiyarsa Nancy ce take saƙa su da hannunta, ɗaya ja tana ajiye yanzu a gidan tarihi na Smithsonian a Washington. Mutumin da ko nama ya daina ci, yana cewa ba ya son cin abin da yake da uwa.

Ni abin da jita-jitar ta nuna min shi ne mutane sun kasa yarda namiji zai yi laushi haka ba tare da yana ɓoye wani abu ba. Kuma wannan ita ce tambayar farko ta Maman Sadiq. Waɗanda suka yi aiki da shi shekaru sun ce yadda yake a kyamara haka yake a waje. Yana tashi da asuba ya yi addu'a yana ambaton mutane da sunayensu, ya je ninkaya, ya hau sikeli, nauyinsa fam 143, wato kilo 65 ke nan, kuma ya riƙe shi haka shekara da shekaru. Ba ya shan taba, ba ya shan giya. Mace ɗaya ya aura, Joanne, a 1952, suna tare har ya mutu, 'ya'yansu maza biyu. Wasiƙun yara kuwa yana amsa su.

Amma kada a ɗauka sanyin nan rashin ƙarfi ne. Ku nemi bidiyon ranar 1 ga Mayu 1969. Gwamnatin Shugaban Amurka Nixon tana son rage kuɗin tashoshin jama'a daga dala miliyan 20 zuwa 10. Aka kira shi gaban wani kwamitin majalisar dattawa, shugaban kwamitin Sanata John Pastore, mutum mai zafi, ya gaji da jin jawabai, bai ma san shirin ba. Rogers ya ajiye takardar da ya rubuto, ya yi magana da baka kamar minti shida, da muryar nan tasa da ba ta hawa. Ya ce idan aka nuna wa yara cewa abin da suke ji a rai ana iya faɗinsa, kuma ana iya sarrafa shi, an yi wa lafiyar ƙwaƙwalwa babbar hidima. Ya karanto baitukan wata waƙarsa a kan abin da yaro zai yi da fushinsa. Kana kallon fuskar sanatan tana saki. Da bakinsa ya ce tsigar jikinsa ta tashi, ya kuma ce da alama Rogers ya samo musu miliyan 20 ɗin. Na kalli bidiyon nan ya fi sau goma, har yau ina koyon abu a ciki.

Malam Garba:
Akwai abin da ba a taɓo ba. Maman Sadiq ta ce ya so karatun addini. Ya yi ko bai yi ba? Don ni idan fasto ne ke magana da jikana kullum, ina so in sani.

Maman Sadiq:
Ya yi, Malam. An naɗa shi fasto a cocin Presbyterian a 1963, kuma aikin da aka ɗora masa shi ne hidimar yara da iyalai ta talabijin, bai riƙe coci ba. Ni ma wannan ne ya fara sa ni zura ido. Na kalli shirye-shirye da dama, ban ji yana wa'azi ko kiran yaro zuwa addininsa ba. Yaran Yahudawa da Musulmi da waɗanda ba su da addini duk sun kalle shi. Karatun addinin Sadiq yana wuyana da na babansa da malamar islamiyyarsa, wannan ban miƙa wa kowa ba. Amma haƙuri da gaskiya da tausayin ƙarami, ai ba baƙin abubuwa ba ne a wajenmu. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsaya ya tambayi ƙaramin yaro labarin ɗan tsuntsunsa da ya mutu. Mu ne dai muka yi sakaci da abin da muke da shi.

Baban Ummi:
Bari in ƙara abu ɗaya a kan halinsa, don shi ya fi tsaya min. A 1964 a St. Augustine da ke Florida, wani manajan otal ya zuba sinadarin asid a wurin ninkaya saboda baƙaƙen fata sun shiga ruwan tare da farare. Hoton ya zagaya duniya. Shekara biyar bayan haka, a 1969, ana cikin wannan ƙiyayya, Rogers ya fito a shirinsa yana zaune a kujera, ya tsoma ƙafafunsa a wata 'yar robar ruwa saboda zafi. Sai ga François Clemmons, baƙar fata, mawaƙi, wanda yake fitowa a matsayin ɗan sandan unguwa. Ya ce masa ya zo ya sanyaya ƙafa. Clemmons ya ce ba shi da tawul, ya ce ga nawa. Kyamara ta sauka kan ƙafafu huɗu a ruwa ɗaya, biyu farare biyu baƙaƙe. Bai ce uffan a kan wariyar launin fata ba. A 1993 suka maimaita, a wannan karon shi da kansa ya taya Clemmons goge ƙafa.

Ɗan Damagaram:
Allahu akbar. Wannan ya fi dogon jawabi. To amma Yaya, ba shi da aibi ko ɗaya?

Baban Ummi:
Ɗan Adam ne. A wurin aiki mai tsanani ne, ba ya son a kauce wa rubutu ko da kalma ɗaya, kuma yin aiki da irin wannan mutum akwai gajiya. Sannan a yi adalci, ya samu abin da yawancin masu shirin yara ba su samu ba: gidansu da rufin asiri, tasharsa ba ta dogara da talla ba, ga ƙwararriya a ilimin halayyar yara, Margaret McFarland ta jami'ar Pittsburgh, wadda ya riƙa zama da ita yana bitar abin da zai faɗa, shekara da shekaru har ta mutu. Shi ya rubuta waƙoƙin shirin sama da 200, shi ke yi wa yawancin 'yan tsanan murya. Ni na taɓa kai shawarar shirin yara a wata tasha, tambayar farko da aka yi min ita ce wane kamfanin alewa ne zai ɗauki nauyi. Daga nan maganar ta mutu.

Hajiya Kaka:
'Ya'yana, tun jiya nake karanta ku ban sa baki ba. Jikata ce take rubuta min, ni ina faɗa.

Da farko na so in ce mu ba mu buƙaci wani Bature ya koya mana zama da yaro ba. Mu da muka tashi a ɗakin kaka, ana gama tuwon dare a baje tabarma, ga ta nan ga ta nanku, har barci ya kwashe mu. Kaka ba ta sauri. Abin da kuke yabo a wajen mutumin nan, na ga kamar aikin kaka ne ya ɗauka ya kai talabijin, don yaransu ba su da kakanni a kusa.

Amma maganar Binta a kan yi wa yaro ƙarya ta tsaya min a wuya. 'Yata ta rasu wata biyar da suka wuce wajen haihuwa, ita da abin cikin. Ta bar yarinya 'yar shekara biyar, tana hannuna. Da aka yi rasuwar muka kai ta gidan maƙwabta, muka ce mata Ummanta ta yi tafiya. Har yau a haka muke. Duk motar da ta tsaya a ƙofar gida sai ta ruga. Ta ajiye wani ɗan kunne a gwangwanin madara wai za ta nuna wa Ummanta. Kwanan nan ta fara fitsarin kwance, abin da ta daina tun tana shekara uku. Shi mutumin naku, ya taɓa magana a kan mutuwa da yara ƙanana haka?

Maman Sadiq:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙanta, Hajiya, ya sa ta huta, ya ba ku haƙuri.

Ya yi, kuma bai ɓoye ba. A 1970 ya zo ba kifayensa abinci a cikin shiri, ya tarar ɗaya ya mutu a ƙasan akwatin gilashin. Ya ciro shi, ya gwada ko zai farfaɗo, bai farfaɗo ba, ya naɗe shi ya haƙa rami ya binne. Sannan ya zauna ya ba yara labarin karyarsa da ta mutu yana yaro, ya ce ya yi kuka, kuma kukan ba abin kunya ba ne. Kafin nan ma, a Yunin 1968 da aka harbe Robert Kennedy, mai neman takarar shugabancin Amurka, cikin kwana biyu ya shirya shiri na musamman, inda ɗan damisa Daniel na cikin 'yan tsanarsa, wanda aka samo na katun daga gare shi, ya tambayi wata mata ma'anar kisan gilla, don ya san yara suna jin kalmar a bakin manya ba wanda ya yi musu bayani. A 1981 ya yi mako guda a kan rabuwar aure, yana nanata wa yara cewa ba laifinsu ba ne. Abin da ya yi imani da shi shi ne, duk abin da aka ƙi faɗa wa yaro, zai cike gurbin da tunaninsa, kuma abin da zai ƙirƙiro yakan fi gaskiyar ban tsoro.

Anti Binta:
Hajiya, Allah ya gafarta mata. Ki yi min izini in yi magana a matsayin 'yarki. Yarinyar nan ta san akwai abin da ya faru. Ta ga an cika gida, ta ga idanunku. Abin da ba ta sani ba shi ne me ya sa Ummanta ta tafi ba ta yi mata sallama ba, kuma yara a wannan shekarun sukan ɗauka wani laifi suka yi. Fitsarin kwancen nan magana ce take yi muku.

Ki zaunar da ita a cinyarki, ku biyu, da rana ba da dare ba. Ki faɗi kalmar, ki ce Umma ta rasu, ta koma wurin Allah, ba za ta dawo gidan nan ba. Kada ki ce ta yi barci, sai ta ji tsoron kwanciya. Ki ce ba don wani abu da ta yi ba ne. Ki gaya mata wanda zai riƙa kula da ita, da suna. Idan kuka ya zo miki ki yi a gabanta. Za ta sake tambaya gobe da jibi kamar ba a faɗa mata ba, ki sake ba ta amsa ɗaya. Ki koya mata addu'ar da za ta riƙa yi wa uwarta, ta samu abin yi da kewar.

Malam Garba:
Hajiya, Allah ya jiƙan 'yarki. Ki bi shawarar Binta.

Na tuna wani yaro a aji uku, shekaru da yawa da suka wuce. Yaro mai ƙoƙari, sai ya koma zama shiru, ba ya aikin gida. Mako biyu ina yi masa bulala a kan lalaci. Sai daga baya na ji mahaifinsa ne ya rasu a hatsarin mota, kuma ba wanda ya sanar da makaranta. Ban taɓa tambayarsa me ya same ka ba, ko sau ɗaya. Yanzu magidanci ne, idan mun haɗu har ƙasa yake gaishe ni, amma abin bai bar raina ba.

Har yanzu ina nan a kan cewa yabon da ba a yi aikinsa ba yana ɓata yaro, kuma akwatin talabijin ba zai yi wa kowa renon ɗa ba. Wannan ban janye ba. Amma tambayar nan da ban yi ba, na ga shi mutumin a kanta ya ƙare rayuwarsa.

Maman Sadiq:
Shi ma bai ce talabijin ta isa ba, Malam, kullum yana tura yaro ya je ya yi magana da babban da ya yarda da shi. Kuma yana sauraro. Wata yarinya makauniya 'yar shekara biyar ta aika masa wasiƙa tana damuwa ko yana ba kifayen abinci, tunda ba ta gani. Daga nan ya riƙa faɗa da baki cewa ga shi yana ba su.

A 1997 da aka ba shi lambar yabo ta Emmy ta aikin rayuwa, ya tsaya a gaban taurarin talabijin ya ce su yi shiru na daƙiƙa goma su tuna waɗanda suka ƙaunace su har suka zama abin da suka zama, ya ɗaga hannu ya ce shi zai duba agogo. Kyamara ta nuna mutane suna share hawaye. Ciwon dajin ciki ne ya yi ajalinsa ranar 27 ga Fabrairu 2003, yana da shekara 74, wata bakwai bayan Shugaba Bush ya rataya masa lambar girmamawa mafi girma da ake ba farar hula a ƙasar. Bara mun bi ta Pittsburgh, muka tsaya a bakin kogi inda aka kafa mutum-mutuminsa na tagulla. A zaune aka yi shi, yana ɗaura igiyar takalmi. Sadiq bai san ko wane ne ba, ya dai tsuguna kusa da shi yana gyara nasa.

Hajiya Kaka:
Na dawo, 'ya'yana. Jiya bayan la'asar na gaya mata, yadda Binta ta ce. Ta yi shiru tana wasa da bakin mayafina, ta daɗe. Sannan ta ce, "Kaka, to wa zai riƙa yi min kitso?" Na ce ni, duk ranar Juma'a, idan hannuna ya gaji Anti Rabi ta ƙarasa. Sai a lokacin ta fashe da kuka, ni ma na yi, muka yi tare har aka kira magariba. Da dare ta ɗauko gwangwanin nan ta ba ni ɗan kunnen, ta ce in ajiye mata a akwatina. Yau da safe ta sake tambaya ko Umma za ta zo da sallah, na ce a'a, na sake faɗa mata. Ku sa mu a addu'a.